Motar Maigidana da Ba Ta Fita

Shekarun baya, bayan ambaliyar nan da ta cika hanyoyin jirgin ƙarƙashin ƙasa da ruwa, kafin annobar da ta kulle mu a gida, maigidana ya sayi wata tsohuwar mota ja, irin mai buɗaɗɗen kai. Mutumin da ya tsufa yana jan tasi a Harlem, sai ga shi ya sayi motar da ba za a hau ba. Wai darajarta ita ce ba ta yi tafiya da yawa ba. Ya kama mata gareji can St. George, tsallaken ruwa. Kowace Juma'a daga masallaci sai ya hau jirgin ruwa ya je ya goge ta, ya ɗauki hoton lambobin nan na gaban sitiyari masu ƙirga tafiya.

Na ce, "Alhaji, ko akuya ana kai ta kiwo."

Ya ce, "Ke dai Hajiya, ranarta na zuwa."

Ranarsa ce ta riga zuwa, Allah ya jiƙansa. Ina cikin takaba ba na fita, 'yata ta karɓi aikin hoton, don mai saye zai so ya ga ba a fasa ɗauka ba. Wata Juma'a ta shigo ko sallama babu, ta miƙo mini waya. Ni ban yi boko ba, amma na yi shekaru ina sayar da turare a titin 125, lamba ba ta ɓace mini. Ta ƙarshe ta canza.

Makulli biyu ne, ɗaya a wuyana, ɗaya wurin ɗana, yayanta. Ta ce, "Mama, ɗanki yawo yake da motar Baba, ƙasar kabarinsa ko bushewa ba ta yi ba." Shi kuma ya yi rantsuwa bai taɓa ta ba, ya ajiye mini makullin a kan darduma, ya ce ba zai ƙara taka gidana ba muddin tana ciki. Wata Juma'ar lambar ta sake gaba. Ta ce ai ya yanka wani makullin.

'Ya'ya biyu gare ni a ƙasar nan, ga su za su rabu ina raye. Ranar da na fita takaba na tasa su gaba har garejin. Na sa abokin mahaifinsu, wani bakanike ɗan Kumasi, ya cire batir, ya kwance tayoyin duka, ya ɗora ta a kan katako. Na kawo kwaɗona na sa a ƙofa.

Juma'a ta zagayo muka koma har da bakaniken, rana tsaka. Ƙurar ƙasa babu sawun kowa. Motar na nan a kan katakonta. 'Yata ta leƙa, ta daɗe ba ta ɗago ba: lambar ta sake gaba. Ni na dafa murfin injin, na ji shi da ɗumi kamar bayan jariri.

Bakaniken ya ce, "Hajiya, mu karanta wa Alhaji Fatiha mu tafi."

A jirgin dawowa ta durƙusa gaban yayanta cikin mutane, ta ce, "Yaya, ka yafe mini." Ya kama hannunta ya tashe ta.

Na hana sake ɗaukar hoto, kuma ban sayar ba. Abin da Allah ya rufe ba na leƙawa. Bakaniken ya rasu, mai garejin ma haka, ɗansa ke karɓar haya. Waɗanda suka ga abin nan saura ni da 'ya'yana biyu. Ita kuwa motar, ban san a wane ɓangare zan lissafa ta ba, na masu rai ko na matattu.