Man Kifi da Kyanwoyin Ƙofar Ɗakina

Shekara bakwai ina cewa an binne min asiri a gonata ta Kwandere, ba wanda ya saurare ni. Yau hannuna ya iya riƙe waya, zan faɗa.

Da yatsu ya fara. Da safe su sandare, su kumbura, dama da hagu. Buta ma ta gagare ni ɗauka.

Wani mai magani ya je gonar, ya tona kan iyakata da ƙanena Isa, ya zaro laya ɗaure da jan zare. Tun ranar na daina amsa sallamar Isa.

'Yata Hajara ce ta ja ni asibiti a Lafia. Aka ɗebi jini, aka yi hoton hannu. Likita ta ce, "Baba, amosanin gaɓɓai ne. Jikinka ke faɗa da kansa." Ta rubuta ƙwayoyi, da man kifi a cikin 'yan ƙwanso, mai tsada kuwa.

Ƙwayoyin na sha. Amma mai, tun tasowata shafa shi ake yi. Sai nake huda ƙwanson da allura ina murza wa yatsu.

Kwana uku, kyanwoyi suka fara zuwa. Da rana tsaka, huɗu, biyar, su zauna ƙofar ɗakina. Ba kuka. Hannuna kawai suke kallo. Har masallaci suke raka ni.

Na aika wa Isa ya janye 'yan aikensa. Ya ce, "Ku gaya wa Yaya, akuyata ma ba ta jin maganata, balle kyanwa."

Da na koma asibiti, likita ta sunsuni hannuna, ta ce:

"Baba, haɗiyewa ake yi. Kuma kar ka bar ƙwayoyin, man taimako ne kawai."

Na haɗiya. Bayan watanni sandarewar safe ta ragu, ina alwala da kaina. Alhamdulillahi. Hajara, Allah ya yi miki albarka. Ku kuma, in an ba ku magani, ku tambayi yadda ake sha.

Isa ya rasu da damina. Ina ta cewa gobe zan je mu shirya, ban je ba.

Kyanwoyin sun watse, sai ɗaya. Na daina shafawa tuntuni, tana zuwa.

Mai maganin nan, an ce kana garin Adogi. Layar nan, a ƙasa ka same ta, ko a aljihunka ka zo da ita? Zumunci da ƙanena na yanke saboda kai. Fito ka ba ni amsa.