Mai jego a akwatin Baba

Ban tabbata ko 'ya'yan huɗu ne ko biyar ba. Huɗu nake tunawa, kuma mai yiwuwa na haɗa kwana biyu na mai da su ɗaya. Abin da ba na shakka shi ne, a bazarar da na dawo Matameye daga Damagaram da lisans ɗina na jami'a ina zaman jiran aiki, kyanwar gidanmu ta haihu a ɗakin Baba. Shi yana Kano wurin ci-rani. Ta sami akwatinsa na ƙarfe a buɗe, ta kwanta a kan tsohuwar babbar rigarsa.

Inna, mahaifiyata, ta leƙa ta ce, "Barka da arziki, mai jego," ta jawo ƙofa. Ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Rufin ɗakin kwano ne, kuma na karanta a salula cewa zafi na iya kashe jariran kyanwa. Na wanke hannuna da sabulu har sau biyu, na shimfiɗa tsumma a kwali, na kwashe su zuwa rumfa inda iska ke kaɗawa.

Uwar ta zo ta riƙa ɗaukarsu a wuya ɗaya bayan ɗaya tana mayarwa akwatin. Da ta zo kan ƙaraminsu, ta shinshina shi, ta juya ta tafi. Yana ta kuka a kwalin har aka kira azahar, muryar tana raguwa.

"Malam mai lisans," in ji Inna, "a wane lakwal aka koya maka fid da mai jego daga ɗaki kafin suna?"

"Zafi na ji musu, Inna."

"Ita ba ta san zafi ba? Ka shafe mata ɗa da sabulu, yanzu ƙamshin kanti yake."

Sai ta dama kunun kanwa irin na masu jego, ta zuba romo a wani kasko, ta ajiye a ƙofar ɗakin. Kyanwar ta fito ta duƙufa a kan romon. Inna ta lallaɓa ta shiga da ƙaramin, ta goge shi da gefen rigar Baba daga kai har wutsiya, ta cusa shi tsakiyar 'yan'uwansa.

"Kada ka tsaya mata a kai," ta ce.

Na koma bayan taga ina leƙe. Uwar ta shiga akwatin, ta daɗe tana shinshinarsa, har na fara tunanin inda zan samo madara da tsumman ɗiga masa. Can sai ta fara lasarsa. Kafin la'asar yana shan nono.

Har yau ina son sanin abin da ya dawo da shi wurinta. Warin rigar ne, ko da ma gajiya ta yi, za ta koma ta ɗauko shi in da mun ƙyale ta? Ban sake samun wata kyanwa mai jego ba, kuma ko na samu ba na jin zan gwada.

Yayata, wadda ita ma tana gidan a ranar, ta ce da ɗankwalin Inna aka goge shi, kuma wai kyanwar ta sha kunun. Ni romo kaɗai na ga ta sha. Maƙwabtan da suka shigo barka a ranar, in kun tuna dabam, don Allah ku aiko mini da gyara, musamman kan kunun.