Ranar da na kai ƙara inda ba a karɓa

Ko na tsufa na manta sunan jikokina, ba zan manta ranar da na ja sandata na shiga kotu a Jidda ba.

Shekara goma sha ɗaya ina auna yadi a wani shago a Bab Makka, da ƙafar da shan inna ta shanye tun ina goye. Sai kafilina, wato mai shagon da ya tsaya min a ƙasar, ya kawo sabon manaja. Sati biyu kacal manajan ya ce gurgu na ɓata wa shago kwarjini, halas, wato shi ke nan, in tafi. Ga iƙamata, takardar izinin zama, saura wata biyu ta mutu, kuma a kan aikin nan take. A Jidda aka haife ni, in aka kore ni ban san hanyar Kano ba.

Da na ce zan kai ƙara, mahaifiyata ta dafe ƙirji. "Mu da kotu? Kakanka har ya rasu ko ƙofarta bai bi ba!"

Ni kuwa taurin kai gado ne. Na kwaso dattawa uku daga unguwar Mahjar su shaida halina, kamar mai neman aure, muka nufi babbar kotu. A tunanina alƙali alƙali ne. Muka yi zaman awa uku. Magatakardan ya duba takardata, ya dube mu. Ashe jikan Hausawa ne, Hausarsa ta sha Larabci.

"Ya ammi, mu hina. Ba nan ba. Rigimar aiki, kotun ma'aikata. Amma fara sulhu a maktab amal, ofishin ƙwadago. Su baba su koma gida, kai kawo takardar aiki."

Kunya ta kama ni, dattawa suka yi ta min tsiya har gida.

Sulhu bai yiwu ba, manajan ya ƙi. A kotun ma'aikata alƙali ya karanta takarduna ya tambayi kafilina, "Da ƙafa ake auna yadi a shagonka?" Mutumin ya sunkuyar da kai. Nan take alƙalin ya ce in koma aikina, aka rubuta, aka sa hannu.

Ina alfahari da ranar nan har gobe. Ta koya min cewa mai gaskiya ma sai ya tambayi ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Mahaifiyata kuwa, ita ce yanzu ke kwatanta wa maƙwabta hanyar kotun.