Ƙarfen Baba Kassim da Muka Mayar Murhun Shayi

Har yau idan na tuna abin da muka yi wa Baba Kassim sai raina ya ɓaci, kuma ba na ware kaina daga cikin masu laifin.

Mutumin Tudun Aduwa ne, can sama da mu a bakin korama, cikin ƙasar Droum. Shekara ashirin da shida ya yi yana aikin planto a Mirriya, yana kai takardun ofis a kan keke, ko ana rana ko ana ruwa. Bai yi lakwal ba, wato makarantar boko, amma ya san abin da masu manyan takardu ba su sani ba: saƙon da bai isa da wuri ba, da shi da babu duk ɗaya. Da ya ajiye aiki ya koma gida, matarsa ta riga ta rasu, 'yarsa tilo Kaltuma kuma tana aure a Kwarin Giginya, garin da ke ƙasa da mu.

Koramarmu munafuka ce. Sai a tafka ruwa can kan tuddai, nan kuwa rana na ƙwallewa, mata na tonon ruwa a tsakiyar yashi, sai ga ambaliya ba sallama. Shi ya sa Baba Kassim ya je tasha a Zinder ya roƙo tsofaffin janti uku, wato ƙarfen ƙafar babbar mota, ya ɗauko su a amalanken jaki. Ya rataye su da sarƙa, ɗaya a garinsu, ɗaya a gawon garinmu da ke tsakiya, ɗaya a Kwarin Giginya. Bugu uku-uku na nufin ruwa, bugu ba tsayawa gobara. Ƙarar ba ta kaiwa daga garin farko zuwa na ƙarshe, sai mu na tsakiya mun ji mun buga namu. Damina goma sha ɗaya ana haka, ko akuya korama ba ta ci ba.

Sai ga mutanen proje, masu aikin raya karkara, da farar mota. Suka tara mu, suka haɗa garuruwan uku a gurup ɗaya cikin salula, suka ɗauki hoto, suka tafi. Suma'ila, konsayen garinmu, wato kansila, mutumin da ko tari zai yi sai ya sa Faransanci a ciki, ya dubi tsohon a gaban jama'a ya ce, "Baba, an ci gaba. Wannan buge-bugen ƙarfe sai ka ce an tashi lakwal. Yanzu mesaj ɗaya ya wadatar."

Baba Kassim ya ce, "Ɗana, in hadari ya taso ai wutar antan, eriyar salula, ce ke fara ɗaukewa. Ka taɓa ganin rezo a salula ranar ruwa?"

Aka yi dariya. Ni ma na yi, Allah Ya yafe mini.

Ba a yi wata ba Suma'ila ya sa aka sauke jantinmu, ya ba samarin fada, wato majalisar shan shayi, don janti ba shi da na biyu wajen riƙe garwashin shayi. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne abin da muka yi bayan haka. Gwiwa ta hana tsohon zuwa garinmu, duk wanda ya gani daga cikinmu sai ya tambaya, "Ƙarfe yana nan lafiya?" Mu kuwa mu ce, "Lafiya lau, Baba." Wai kara muke yi masa, wai ba a faɗa wa dattijo abin da zai ɓata masa rai. Gari guda, da liman da ladan, muka yi shekara muna yi wa tsoho ƙarya muna kiranta ladabi.

Wata Laraba a tsakiyar damina, bayan azahar, ina gona na ji shi: uku, uku, uku. Sama garau take a kanmu. Na jefar da hauya na ruga gindin gawo, na tarar da mutane cirko-cirko suna kallon guntun sarƙa. Kowa ya ciro salula yana ɗagawa sama, ba rezo. Na je fada na iske janti cike da garwashi, an ɗora buta. Muka zubar, amma ba ya taɓuwa don zafi. Mata suka fito da kwanoni da tabarya suna bugawa, ƙarar ko gonakinmu ba ta wuce ba. Idris mai moto ya kama hanyar Kwarin Giginya a babur ɗinsa, ruwa ya riga shi mashigi. Duk wannan lokacin ƙarfen Tudun Aduwa bai yi shiru ba. An ce sai da tafin hannun tsohon ya tsage, yana bugawa yana tsayawa ya saurari namu.

Lokacin ɗibar ruwa ne a Kwarin Giginya, mata huɗu ne a cikin korama. Uku sun kama reshe sun fita. Kaltuma sai washegari aka same ta.

Ranar sadakar uku muka je gaisuwa Tudun Aduwa, har da Suma'ila, yana ta cewa wa'adi ne. E, wa'adi ne, wa ya musa? Amma ba wa'adi ne ya kwance sarƙa ba. Baba Kassim na zaune a kan buzu, hannu naɗe da tsumma, bai zargi kowa ba, kuma wallahi da ya zage mu da ya fi mini sauƙi.

Ana cikin addu'a rezo ya dawo. Salula suka ɗauki ƙara a aljihun kowa lokaci ɗaya. Wani baƙo da ke cikin gurup amma bai san komai ba ya danna saƙon da ya shigo, sai muryar Baba Kassim ta cika zauren. Ashe ranar ruwan wani maƙwabcinsa ya kara masa salula a baki ya tura cikin gurup, saƙon ya maƙale don ba rezo. Ana jin ƙarfe a bayansa, shi kuma yana haki: "Mutanen tsakiya, ku buga! Don Allah ku buga, Kaltuma na cikin korama!"

Baƙon ya rikice ya kasa kashewa, har saƙon ya ƙare. Tsohon ya ɗago kai ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, a hankali ya ce, "Ashe kun ji ni ranar?"

Liman ya sunkuyar da kai. Ni na ce, "Mun ji ka, Baba."