Ranar da Aka Fitar da Ni Don Inna Ta Yi Magana

Ni ce 'yar farin Inna, saboda haka har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In za ta aike ni, sai ta dubi bango ta ce wani ya miƙo mata buta. Ƙannena tana wasa da su, ni kuwa ko ido ba ma haɗawa. Na san al'ada ce, amma har na yi jikoki ina so in san ko ina da wuri a zuciyarta.

Shekarun baya kaɗan, bayan an gama girbi, wasu masu ɗaukar fim suka zo garinmu kusa da garin Babban Mutum. Su uku ne, mace ɗaya 'yar Daura da maza biyu masu riƙe kaya. Ba ma'aikatan kowace tasha ba ne. Da kansu suke haɗa fim ɗin tarihi, in sun tace shi su kai gidan talabijin. Suna neman tsofaffin da suka ga babban farin da aka yi ina goye, lokacin da mutane suka bar garuruwansu a ƙafa. Mai gari ya turo su gidanmu, don daga tsallaken iyaka Inna ta taho a waccan shekarar.

Na share tsakar gida, na shimfiɗa sabuwar tabarma, na zauna daf da ita don in taimaka. Aka maƙala mata ƙaramin makirufo a bakin mayafi. Duk abin da matar ta tambaya, Inna sai ta ce an sha wuya, Allah ya kyauta. Ni kuma don kada baƙi su ji kunya, sai in karɓe zancen in ba da labarin da na ji a bakin wasu. Haka muka ɓata musu safiya guda.

Can matar ta sa aka kashe kyamara, ta ja ni zaure.

"Yaya, ke ce ta fari?"

Na ce ni ce.

"To ki yi haƙuri, ki ba mu wuri. Muddin kina zaune ba za ta buɗe baki ba. Tawa uwar ma haka take da ni."

Abin ya yi mini ciwo, amma ban nuna ba. Na shiga gidan maƙwabta na taya su surfe har azahar. Da na dawo sun naɗe wayoyinsu, Inna tana alwala. Ba wanda ya gaya mini abin da aka faɗa, ni ma ban tambaya ba.

Tacewar ta ɗauke su wajen shekara. Kafin nan Inna ta kwanta jinya a ɗakina, ta rasu da damina.

Wata Juma'a matar ta yi waya ta ce za a nuna fim ɗin a talabijin bayan la'asar. Muka taru a gidan ƙanena mai sola. Sai ga Inna a kan tabarmata, tana magana da sakin jiki irin wanda ban san ta da shi ba. Ta ce kwana shida ta yi tana tafiya da goyo, nono ya ƙafe, tana tauna ganye tana ɗiga ruwan a bakin jaririyar. Ta ce a rana ta biyar ta zauna gindin wata aduwa da niyyar ba za ta sake tashi ba.

"Sai na ji numfashinta a ƙeyata," in ji ta. "Ita ta tashe ni. Har yau in na ji takunta a zaure, hankalina kwanciya yake."

Aka ji muryar matar tana tambayar sunan yarinyar. Inna ta ja mayafi ta rufe baki, ta yi 'yar dariya, ta ce ba a faɗa.

Ƙanena ya tashi ya fita.

Tawa 'yar farin tana zaune a bayana ranar, ita ta ajiye mini fim ɗin a waya. Ni ma ban taɓa kiran sunanta ba, kuma na gwada bakina ya ƙi. Amma na yi ajin yaƙi da jahilci, hannuna yana iya abin da bakina ya kasa. Wannan takardar ita zan fara miƙa wa, in fita in ba ta wuri ta karanta.