Wa Ya Rubuto Amsar Lashari?

A ɗakin labarai na ƙaramar jaridar da take yi wa aiki a birnin Multan na Pakistan, Farkhanda Gondal ta yi suna da taurin kai a kan abu ɗaya. Ba ta rubuta "ya ce" sai kunnenta ya ji. In hira ta imel ce, "ya rubuto" za ta sa, ko da kuwa sama za ta faɗo. Tsokanarta ake yi har ta yi furfura, ita kuwa ko a jikinta.

Ran nan amsar Dokta Lashari, tsohon masanin noman auduga, ga tambayoyin da ta aika masa ta imel ta iso da zafinta. Ya zargi manyan masu gonaki da satar ruwan noman talakawa, har da kama suna. Edita ya lashe baki, ya kira ta da "Baji", wato Yaya a harshensu.

"Baji, shafin farko! Sa 'ya ce' kawai, wa zai sani?"

Farkhanda ta sake karanta saƙon. Tsohon nan bai taɓa rubuto mata ba tare da yi wa marigayi mahaifinta addu'a ba, yau kuwa babu ko sallama. Mutanen da aka ambata ba sa kai ƙara kotu, gida suke zuwa. Shayinta ya huce a kan tebur, ta tari keke mai ƙafa uku zuwa gidan Dokta.

'Yarsa Samra ce ta buɗe ƙofa. Dokta na kwance a gadon igiya ƙarƙashin mangwaro, baki a karkace, hannun dama a sake.

"Tun bazara ba ya magana," in ji Samra, idonta a ƙasa. "Ni na amsa. Wallahi abin da zai faɗa ke nan, tun ina ƙarama nake jin sa."

"Na yarda, 'yata. Amma gobe in suka zo, shi za su tambaya. Da wane baki zai kare kansa?"

Tsohon yana ta kallonsu, hawaye na bin gefen kunnensa. Farkhanda ta ji tsoro ya kama ta sosai, don saura ƙiris ta jawo masa masifa da hannunta. Ta kira edita a waya.

"A cire hirar. Ba shi ya rubuta ba."

Samra ta riƙe mata hannu.

"Kada a cire, Baji. A sa 'ta rubuto'. Sunana Samra Lashari."