Tashin Zuciya

Shekara goma sha biyu na yi ina aikin jinya a wani asibiti kusa da dutsen Uhudu, rana tsaka aka ce mu koma aji. Wai zamani ya canja: yanzu jirgin sama ke zubo alhazai, tsofaffi masu hawan jini da ciwon suga, allura da ɗaurin rauni sun daina wadatarwa. Wadda ta faɗi jarrabawa kuma, a mayar da ita ɗakin wanke kayan aiki. Ni da 'ya'ya huɗu a ce in koma wankin almakashi? Wallahi na tsorata.

Malamarmu Bamisriya ce, Abla muke ce mata. Na'urar auna bugun zuciya ita ce dodona. Wayoyinta goma, kullum sai na sa na hagu a dama.

Ran jarrabawa aka shigo da wata tsohuwa 'yar Kano, dafe da ƙirji, tana faɗin, "Wayyo, zuciyata tashi take yi!" Abokiyar karatuna, haifaffiyar unguwar Aƙiƙ mai jin Hausa sama-sama, ta juya wa Abla da Larabci: "Galbaha! Zuciyarta ce!" Nan fa wuri ya rikice.

Ni kuwa, jikar Hausawa haifaffiyar nan, ban taɓa yin Hausa a wurin aiki ba. Kunya nake ji, a gida nake barinta tare da zanen girki. Amma dariya ta ƙwace mini.

"Iya, me kika ci?"

Ta zaro ido. "La'ilaha illallahu! 'Yar nan, ashe tamu ce ke? Dabinon Khaibar ne, na bi shi da nonon raƙumi, kwano guda."

Na gaya wa Abla cewa a wurinmu tashin zuciya amai ne ke tafe. Ta ce, "Na ji. Tabbatar mini da na'ura."

Iya na ta sa mini albarka, tana tambayar garin kakannina, ina amsawa ina manna wayoyi, ban ma san na gama ba. Takarda ta fito, zuciya lafiya lau. Sai ga aman, a kan takalmin Abla!

Na ci jarrabawa. Mako na zagayowa Abla ta ƙara darasi a manhaja, kan yadda alhazai ke faɗin ciwonsu, ta miƙo mini alli. Da na ba mahaifiyata labari ta rangaɗa guɗa, sannan ta harare ni.

"Hausar tamu da kike ɓoyewa? To, ga ta nan a kan allo."